Saukowar Almakashi Daga Lu'ulu'u

A layin da shagonsa yake, ba wanda ya damu da sanin sunansa na gaskiya. Almakashi kowa ke ce masa. Tun yana koyon aski a wajen kawunsa sunan ya bi shi, saboda ko babu kai a gabansa ba ya iya ajiye almakashi, sai ya riƙa kaɗa shi a iska, ƙyas-ƙyas-ƙyas, har kawun ya daka masa tsawa. Kawu ya rasu, shago ya dawo hannunsa, suna kuma ya zauna daram. Matarsa ma, wadda ke koyarwa a firamare har kowa ke kiranta Malama, in tsokana ta motsa mata haka take kiransa.

Shagon ɗaki ɗaya ne, tsakanin mai wanki da guga da mai sayar da kayan wuta. Kujerun aski biyu, amma ɗaya ce kawai ke juyawa. Akwai bencin masu jira, da fanka mai ƙara kamar za ta tashi sama, da kanta inda yake jera injinan aski da buroshi da hoda, da kwalbar maganin nan da ke sa manyan maza runtse ido. Mutum ne mai son aiki ya fita tsaf. In ya gama gyaran fuska sai ya ja da baya, ya karkata kai, ya dawo ya cire wani gashi ɗaya tal da shi kaɗai ya gani.

Gem kuwa, wato na'urar wasan bidiyo, ba don kansa ya saye shi ba. Ya lura masu jira kan gaji su tsallaka shagon gaba, sai ya samo wanda aka ɗan yi amfani da shi, ya haɗa da talabijin ɗin da ke maƙale a bango, don samari su rage zafin zama. Wata rana da tsakar rana, lokacin da layin kan yi tsit, ya ɗauki hannun gem ɗin da niyyar goge masa ƙura. Bai ajiye ba sai da wani ya gaji da sallama ya taɓa masa kafaɗa.

Wasan na yaƙi ne, mutum biyar da biyar, kowa daga inda yake a duniya, ana neman ƙwace sansanin abokan gaba. Kowane ɗan wasa yana da maki. In ɓangarenku ya ci, maki ya ƙaru. In an cinye ku, ya ragu. Makin ne ke nuna matakin mutum: Tagulla a ƙasa, sai Azurfa, sai Zinariya, sai Lu'ulu'u can sama. Kuma ba kai ke zaɓar waɗanda za ku kara ba. Kwamfutar wasan ce ke duba makinka, ta nemo masu maki kusa da naka, ta raba ku gida biyu. Shi ya raɗa mata suna Mai-Haɗi, kuma yana ganin girmanta ƙwarai.

"Wannan ba ta san ɗan wane ba," haka yake gaya wa masu aski, inji na kuka a ƙeyarsu. "Ba ruwanta da gemunka, ba ruwanta da motarka. Abin da hannunka ya yi, shi za ta ba ka."

Hannunsa kuwa ya iya. Yatsun da suka saba bin gefen kunne da aska ba su sha wuyar saiti ba. Ya zama maharbi daga nesa, irin wanda kan laɓe a saman gini, ya yi ta jira, sannan ya saki harsashi ɗaya. Ya haye Azurfa ba wuya, ya daɗe yana fama a Zinariya, daga baya ya taka Lu'ulu'u. Ran nan yini ya yi yana fara'a kamar an yi masa haihuwa. Da ya koma gida ya faɗa wa Malama, sai ta ɗago kai daga takardun ɗalibai ta ce, "Barka da arziki. To ina lu'ulu'un? Miƙo in kai a yi mini 'yan kunne."

"Ke dai ba za ki gane ba."

"Na gane mana. Ƙato da gemu yana murna an zana masa tauraro. Ɗalibaina ma haka suke yi."

Ya yi dariya, don ya san ba ƙarya ta yi ba. Mutum ne da bai yi nisa a makaranta ba, ba a taɓa kiran sunansa a gaban jama'a an ba shi komai ba. Wannan 'yar alamar mai sheƙi a kusurwar talabijin ita ce abu na farko da wani ya auna shi ya ce ya kai.

Haka ya zauna a saman nan shekara da shekaru, har ranar da ya sayo sabon madubi. Babba ne, mai cin rabin bango. Ƙanensa, Auta, wanda ke kai saƙonni a babur, ya ce ya jira shi su ɗora tare. Almakashi ya ga mene ne abin jira a madubi. Ya hau kujerar nan mai juyawa, ita kuwa ta yi abin da ta saba. Madubi ya kuɓuce, ya kai hannu zai tare, gilashi ya tsarge masa cikin wuyan hannun dama. Mai wanki ne ya ji ƙarar, ya rugo ya ɗaure wurin da tawul, ya tare mota.

A asibiti aka ɗinke jijiyoyin. Likita bai ɓoye masa ba: hannu zai dawo, amma ba duka ba. Da aka kwance bandeji, babban yatsa da manuniya suka zama kamar na aro. Yana ganinsu, yana ba su umarni, sai sun ga dama su amsa. Aka ba shi ƙwallon roba ya riƙa matsawa, aka sa masa ranakun zuwa gashi da motsa yatsu.

Watanni suka shuɗe kafin ya buɗe shago. Ya koma riƙe inji da hagu, dama tana tallafe kai. Askin da yake gamawa kafin shayi ya huce, yanzu sai mutum ya yi gyangyaɗi ya farka. Tsofaffin abokan hulɗa suka ga tabon, suka ce, "Bi a hankali, ba inda za mu." Wasu kuma suka ɓace shiru. Yakan hango su suna wucewa ta ɗaya gefen titi, hula a danne har kunne, suna ɗaga masa hannu daga nesa don kada ya ga sabon askin. Bai riƙe su a rai ba.

Wadda ba ta ga tabo ba ita ce Mai-Haɗi. A wajenta yana nan yadda ta bar shi. Ranar da ya koma wasan ta kwaso masa 'yan Lu'ulu'u tsantsa, masu ido kamar shaho. Ya hau saman gini, ya hango mutum, zuciyarsa ta harba, yatsa bai harba ba. Kafin manuniya ta sauka a kan maɓalli an riga an kwantar da shi. Aka sake, aka sake. Abokan ɓangarensa suka fara magana a abin kunne, wasu da yaren da yake ji, wasu da wanda ba ya ji, amma zagi ba ya buƙatar tafinta. Akwai wanda ya ce, "Kai, faɗi gaskiya, wa ya saya maka wannan matsayin?" Wannan ta fi yankan gilashi zafi.

Maki ya dinga zuba kamar buhu ya huje. Lu'ulu'u ta tafi. Zinariyar da ya ɗauka zai huta a cikinta, ita ma ta ƙi riƙe shi. Ranar da ya ga farar alamar Azurfa a kusurwa, ya kashe talabijin, ya naɗe wayar hannun gem ya tura bayan kanta. In mai aski ya tambaya, "Oga, har yanzu kana can sama?" sai ya kunna inji ya ce, "Sunkuyar da kai." A gida ma magana ta yi masa tsada. Ya ci abinci, ya zauna yana matsa ƙwallon roba yana kallon bango. Malama ta daina tsokanar lu'ulu'u, kuma rashin tsokanar ya fi damunsa.

Auta yana ganin duk wannan. Shi ma ɗan wasan ne, kuma yayan nasa ne ya koya masa riƙe hannun gem. Yana da makullin shagon, shi ke zuwa ya share ya buɗe taga duk ranar da Almakashi ya tafi asibiti gashin hannu.

Wata ranar da benci ya cika, wani direba ya matsa lallai sai an kunna gem, wai ya gaji da kallon fanka. Almakashi ya jawo wayar ba da son ransa ba, ya jona, ya juya baya don kada ya ga fuskokinsu. Sai ya ji shago ya ɗauki sowa.

"Lu'ulu'u! Ashe kana nan da ranka!"

"Da hannu ɗaya fa! Kai, Almakashi, Allah ya yi maka baiwa."

Ya waiga. Ga ta nan tana sheƙi, a ƙarƙashin sunansa. Nan take ya san aikin waye. Ya buɗe baki zai faɗa, sai direban ya dafa shi yana jinjina masa, maganar ta koma ciki. Ya yi murmushi, ya karɓi yabon, har da cewa, "Sai a hankali dai." Daɗin da ya ji a lokacin na gaske ne, ba zai musa ba.

Da rana ta take, shago ya watse, ya zauna ya shiga wasa. Wataƙila, ya ce a ransa, hannun ya ɗan dawo. Bai dawo ba. Aka yi musu kaca-kaca, kuma kowa ya ga ta inda ruwa ya shigo. Ya jira zagi. Sai wata murya ta namiji, a natse, ta ce, "Malam maharbi, ni ba zan zage ka ba. Na daɗe ina haɗa makin nan bayan na tashi daga aiki, wannan wasan ne zai ɗaga ni. Me ya same ka a saman ginin can?"

Almakashi ya cire abin kunne. Ya ajiye shi a cinya.

Da yamma Auta ya faka babur a ƙofar shago, ya shigo yana fito, yana satar kallon talabijin.

"Zauna," in ji Almakashi.

"Lafiya, Yaya?"

"Wa ya aike ka?"

Auta ya sosa ƙeya. "Wai me?"

"Kada ka maishe ni yaro. Ni na goya ka."

Auta ya zauna a bakin benci, ya sauke murya. "Yaya, wallahi ba zan iya ganinka haka ba. Ka daina dariya. Anti ta ce ko labarai ba ka kallo. Na ce wurinka ne, kai ka gina shi da hannunka, ni mayar maka kawai na yi."

"Ka mayar da sunana. Ni ka bar ni a nan." Ya ɗaga hannun dama, yatsun biyu a sandare. "Ka ɗauke ni ka ɗora a kan rufi, ka janye tsani. Yau mutum huɗu sun yi asara saboda ni. Ɗaya har tambayata ya yi me ya same ni, cikin mutunci. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi."

"To in ci gaba da buga maka, kai ka..."

"In yi me? In riƙa goge alamar da tsumma ina nuna wa mutane?" Sannan ya ce, "Ɗazu an yabe ni, na karɓa. Wannan ba laifinka ba ne, nawa ne. Amma kada ka ƙara."

Idon Auta ya ciko. Ya miƙa hannu. "Ba ni hannun gem ɗin. Ba wasa zan yi ba."

Ya shiga wajen saiti, inda Almakashi bai taɓa leƙawa ba don bai taɓa buƙata ba. Ya kwashe ayyukan da ke kan yatsun nan biyu ya mayar da su hagu, saura ya ɗora wa ɗan yatsan tsakiya. "Gwada. A'a, wannan. Yawwa." Suka yi ta sauyawa har mai wanki ya rufe shagonsa. Daga ƙarshe Auta ya ce, a ɗarare, "Yaya, harbin nesa fa sai yatsa mai sauri. Amma akwai mai magani. Shi bin mutane yake yana warkar da su. Sanin inda za a ji ciwo yake so, kai kuwa ka san filin nan kamar tafin hannunka."

"Ni ne zan koma bin bayan mutane da jaka?"

"Da can ma bayan mutane kake tsayawa yini guda."

Almakashi ya harare shi, sai dariya ta kuɓuce masa.

Ranar da direban nan ya dawo aski, Almakashi ya gaya masa gaskiya kafin ya ɗaura masa ƙyalle. Direban ya ce, "Af, to ai ni ko Tagulla ban samu shiga ba," ya zauna aka yi masa aski.

Saukowa ta biyu ta fi ta farko tsawo, don Mai-Haɗi ba ta saurin yarda mutum ya canza. Auta ya ba shi shawarar ya riƙa faɗuwa da gangan ya huta, ya ƙi, ya ce duk faɗuwar da ya yi da mutum huɗu yake tafiya. Sai ya ɗauki jakar magani, kuma da an fara wasa yakan ce, "Jama'a, hannuna ya samu rauni, matakin nan ya fi ƙarfina yanzu. Zan yi iyakar yina." Wasu su zage shi duk da haka. Wasu su ce ba komai, su tsaya kusa da shi. A hankali ya gangaro, har ya iso tsakiyar Azurfa, inda abin ya daidaita: yau ya ci, gobe a cinye shi, kuma ba wanda ke nuna shi da yatsa.

Da can wucewa kawai ya yi ta Azurfa, bai tsaya ya ga mutanenta ba. Ashe duniya ce guda. Akwai mai jefa bam ya dawo kansa. Akwai wanda ake jin jariri na kuka a kafaɗarsa yana jijjiga shi yana harbi. Akwai mai ba da umarni kamar janar, shi ne kuma farkon faɗuwa. A nan ya haɗu da wata mai ɗaukar garkuwa, sunanta a wasan Kakarku. Ya ɗauka wani yaro ne ke shaƙiyanci, sai ya ji muryar tsohuwa ƙarau a kunnensa: "Kai mai magani, kana ina? Ana kashe ni kana yawon buɗe ido!"

Tsohuwar mai buga tafireta ce a wani ofis, ta yi ritaya, tana zaune da ɗanta a wani gari da bai taɓa zuwa ba. Jikokinta ne suka koya mata don ta daina aikensu. Yatsunta har yanzu kamar walƙiya, idon ne ya gaza, shi ya sa ba ta tsayawa saiti, sai dai ta ɗaga garkuwa ta afka tsakiyar abokan gaba tana faɗa musu baƙar magana. Mutum irin wannan ba abin da yake buƙata kamar mai magani da ya san inda za ta faɗa tun kafin ta faɗa. Suka ƙulla abota, suka riƙa shiga tare, Mai-Haɗi ta cike musu sauran ukun.

"Wanzami," take ce masa, "aski kake yi ko fira? Na ji ka yi sanyi yau."

"Kaka, ke ce kika shiga ta ƙofar da na ce kada ki shiga."

"Ƙofa ce? Na ɗauka taga ce."

Malama ta fara jin labarin Kaka a wajen cin abinci, yau ta yi kaza, jiya ta ce kaza. Wata rana ta ajiye cokali ta ce, "Ni fa wannan tsohuwar ta fara isata. Ka ce ina gaishe ta, kuma ina sane da ita." Kaka ta aiko da amsa cewa ta kwantar da hankalinta, mijin nata ko gudu bai iya ba.

Hannun bai koma yadda yake ba, kuma ba zai koma ba. Askinsa na hagu dai ya gyaru, har wasu masu danne hula suka fara dawowa ɗaya bayan ɗaya, kowa da uzurin tafiyar da ya yi. Almakashi bai ƙara wuce Azurfa ba. Sau ɗaya shi da Kaka suka kai bakin Zinariya, saura wasa guda. Auta ya ajiye saƙonnin mutane ya zo kallo, mai wanki ya tsaya a ƙofa da dutsen guga a hannu. Suna gaba, sansani ya kusa faɗawa hannunsu, Kaka ta ɗaga garkuwa ta ruga, sai kawai ta tsaya cak a tsakiyar fili, ta ɓace. Mutum huɗu ba sa tare biyar. Aka cinye su.

Can sai ga muryarta ta dawo, tana haki. "Wanzami, ka yi haƙuri. Wannan ɗan banzan jikan nawa mai rarrafe ne ya finciko waya daga bango. Ga shi nan yana yi mini dariya da haƙora biyu."

Almakashi ya kifa kai a kan kanta yana dariya har da hawaye, Auta kuwa sai faɗa yake kamar makinsa ne ya zube.

"Ba komai, Kaka. Ki shafa mini kansa. Gobe da rana?"

"Gobe ina asibitin ido. Sai jibi."

"Allah ya kai mu. Ki ce su duba miki bambancin ƙofa da taga."

Ta ja tsaki ta kashe. Ya rataye abin kunne a ƙusa, ya kakkaɓe kujera, ya dubi mai wanki ya ce, "Tunda ka tsaya, zo in rage maka wannan sumar kafin wani ya shigo."